Motar da Ba Ta Gane Abin da Ke Gabanta Ba, Ta Rage Gudu

Mai amfani da Google Maps ya san ɗigon nan shuɗi da da'irar da ke kewaye da shi. Da'irar tana nuna cewa wayar ƙiyasi ta yi, kuma ga iyakar kuskuren da za ta iya yi. Irin wannan tunani ne ke cikin lissafin da Rudolf Kalman ya wallafa a 1960, wanda aka yi amfani da shi wajen tuƙa kumbon Apollo zuwa wata: na'ura ta riƙe hasashenta, ta kuma riƙe gwargwadon shakkarta a kansa.

Wahalar ita ce abin da za a yi da shakkar. A daren 18 ga Maris 2018, a Tempe da ke jihar Arizona ta Amurka, motar gwaji ta Uber mai tuƙa kanta ta buge wata mata da ke tsallaka titi tana tura keke, ta rasu. Binciken hukumar NTSB ya nuna na'urorin motar sun hango ta daƙiƙa 5.6 kafin karon. Sai dai manhajar ta yi ta sauya ra'ayi, yanzu mota ce, anjima keke, can kuma wani abu daban, kuma duk sauyi sai ta watsar da bayanan motsin da ta tara. Da ta gane akwai haɗari, an tsara ta ne ta dakata na daƙiƙa ɗaya kafin ta taka birki, don gudun birkin banza. An kuma kashe birkin gaggawa na Volvo da motar ta zo da shi. Hukumar ta ɗora babban laifin kan mai sa ido da hankalinta ke kan waya, ta kuma soki tsarin Uber na kiyaye haɗari.

Injiniyoyi suna da hujja: motar da ke cin birki saboda leda ko inuwa tana iya sa a buge ta daga baya. To amma asarar biyu ba ɗaya ba ce. Yawan sauya ra'ayin da manhajar ke yi shi kansa bayani ne, ya kamata a sa shi cikin lissafi, gudu ya riƙa raguwa yayin da shakka ke ƙaruwa. Daƙiƙa biyar da rabi sun isa a yi hakan a hankali, ba tare da jiran sanin sunan abin da ke kan titi ba.