A SARARIN SAMA, GANI BAI KORI JI BA

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Sabon Birni zuwa Isa da sanyin safiya a tsakiyar hunturu ya san abin da hazo ke yi wa ido. Kututturen itace sai ya zama mutum a tsaye, tsaga ta shanu ta yi kama da hanyar mota. Direba a ƙasa yana iya taka birki ya leƙa. Matuƙin jirgin sama da ke saukowa da alhazan Gobir a filin jirgi na Sarkin Musulmi Abubakar na Uku a Sakkwato ba shi da wannan dama, domin yana tafe da gudun da ya zarce kilomita 200 a awa.

Da zarar jirgi ya yi hatsari wajen sauka, abin da ake ji a bakin jama'a shi ne "laifin matuƙi ne", daga nan a rufe magana. Wannan hukunci ya yi gajarta. Matuƙi ɗan Adam ne, idonsa da ƙwaƙwalwarsa irin na kowa ne, kuma ilimin halittu ya daɗe da bayyana inda suke gazawa.

Ido ba ya kai wa ƙwaƙwalwa cikakken hoto. Da dare, ƙwayoyin gani masu bambance launi da zayyana abubuwa kusan hutu suke yi, sai a bar aikin ga waɗanda ke gane haske da duhu kawai. Abin da ya rage ƙwaƙwalwa ce ke cikewa da abin da ta saba gani ko take sa ran gani. Shi ya sa mai jiran baƙo a bakin kasuwa yakan hango shi a fuskar mutane uku kafin ya iso.

Misali mafi bayyana ya faru a San Francisco ta Amurka, daren 7 ga Yuli, 2017. Filin yana da titunan sauka biyu a jere, na hagu da na dama. A daren an rufe na hagu don gyara, an kashe fitilunsa. Matuƙan wani jirgin Air Canada da ya taso daga Toronto sun saba ganin tituna biyu, don haka suka ɗauki na dama a matsayin na hagu, sannan suka ɗauki hanyar da jirage ke bi a ƙasa a matsayin titin da aka ba su. A kan wannan hanya akwai jirage 4 cike da mutane fiye da 1,000 suna jiran tashi. Sai da jirgin ya sauko ya rage kimanin mita 18 tsakaninsa da ƙasa kafin ya sake ɗagawa. Bincike ya nuna cewa an rubuta sanarwar rufe titin, amma tana binne a shafi na 8 cikin takardu masu shafi 27. Babban matuƙin kuma ya shafe sama da awa 19 bai runtsa ba, agogon jikinsa yana kan kusan ƙarfe 3 na dare, lokacin da hankalin mutum ya fi rauni. Ƙwararre ne mai dubban awoyi a sama. Ƙwarewar ce ma ta gaya masa abin da zai gani.

A ƙasar Hausa, hazo da guguwa su ne ke yi wa ido abin da duhu ya yi a can. Ranar 22 ga Janairu, 1973, jirgin Boeing 707 da ya kwaso alhazai daga Jidda, wanda aka karkatar daga Legas saboda yanayi, ya tarwatse wajen sauka a Kano cikin hazo da iska. Mutum 176 suka rasu daga cikin 202. A watan Yunin 1991 kuma, jirgin Okada da aka juyo da shi daga Kano zuwa Sakkwato saboda rashin kyawun yanayi ya ƙare da mai kafin ya samu sauka, ya faɗi kusa da garin, aka yi asarar rayuka.

Saboda sanin raunin ido ne aka tanadi abubuwan da za su tallafa masa. Kowane titin sauka yana da lamba da ke nuna inda ya fuskanta a kamfas: babban titin Kano 06 ne ta wani ɓangare, wato digiri 60, ta ɗaya ɓangaren kuma 24. Fitilun gefen titin sauka farare ne, na hanyar ƙasa shuɗaye. Akwai kuma na'urar da ke aika siginar rediyo daga titin zuwa jirgi, ta nuna wa matuƙi ko ya kauce hagu ko dama, ko ya yi sama ko ƙasa da yawa. Matuƙan San Francisco ba su saita tasu ba a daren. To ina ga filin da na'urar ta lalace aka bar ta, ko fitilun suka dogara da janareton da babu mai? Hukumar da ta bar filinta a haka ta ɗora wa idon mutum ɗaya nauyin da ba a halicce shi don ɗauka ba, kuma ba ta da bakin cewa laifin nasa ne shi kaɗai.

Akwai wani darasi da ya fi wa al'adarmu ɗaci. An raini yaro a kan kada ya tanka wa babba, kuma tarbiyya ce mai kyau a zaure. A gaban jirgi tana iya kisa. A tsibirin Tenerife a 1977, injiniyan jirgin KLM ya tambayi kyaftin ko ɗaya jirgin ya bar titi. Kyaftin ya amsa da tabbaci, ya ci gaba, mutum 583 suka mutu. Tun daga wancan zamani ake horar da mataimakin matuƙi ya faɗi abin da ya gani kai tsaye, a kuma horar da babba ya saurara. Ɗalibin sakandare a Isa da ke mafarkin shiga kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya yana buƙatar malamin da zai bar shi ya ce "Malam, lissafin nan bai yi daidai ba" ba tare da an kira shi marar kunya ba.

Fasinjoji ma suna da nasu. Idan jirgi ya kusa taɓa ƙasa sannan ya sake tashi ya zagayo, sai ka ji ana salati ana gunaguni, wai matuƙi bai iya ba. Alhali fasa sauka na daga cikin abubuwan da ake koya masa tun farko, kuma bai wuce ƙarin minti 10 ko 15 da ɗan mai ba. Shi ne abin da ya raba jirgin Air Canada da jirage huɗun da ke ƙarƙashinsa.