Tarihin Gobir yana warwatse a Sakkwato, Kaduna da Yamai: wace ƙofa za a buɗe masa a intanet?

Duk wanda ya tashi yau yana son rubuta tarihin Gobir sai ya tanadi kuɗin mota. Rubuce-rubucen Larabci da ajami suna Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu a Sakkwato, wasu suna Arewa House a Kaduna, wasu a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Fayilolin lardin Sakkwato na zamanin Turawa suna Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna. Wani kason yana Yamai, a cibiyar IRSH ta Jami'ar Abdou Moumouni. Abin da jami'in Faransa Landeroin ya ji daga bakin Gobirawa lokacin aikin shata iyaka na tawagar Tilho, tsakanin 1906 da 1909, da Faransanci aka buga shi. Ragowar kuma yana cikin akwatunan gidajen malamai da ƙwaƙwalwar dattawa a Sabon Birni, Isa, Gatawa da Tozai, yankin da shekaru ke nan bai ga zaman lafiya ba.

Wannan kaso na ƙarshe shi ya sa maganar ta zama ta gaggawa. A watan Mayun 2020 'yan bindiga sun kashe mutane fiye da 70 a ƙauyukan Sabon Birni. A watan Yulin 2024 aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya kuma rasu a hannun waɗanda suka sace shi a watan Agusta. Mai gudu da tsakar dare ba ya tsayawa ɗaukar gafaka. Dattijon da ya rasu a gudun hijira kuwa yakan tafi da jerin sarakunan garinsu da ba a taɓa rubutawa ba.

Amsar da aka saba ji ita ce a ɗauki hotunan takardun a zuba a kwamfuta. Shawara ce mai kyau, amma rabin aikin ke nan. Hotuna dubu da aka ajiye a na'urar wani ofis, babu suna, babu kwanan wata, babu hanyar da na waje zai kai gare su, ba su da bambanci sosai da takardun da ke cikin adaka. Rabin da ake mantawa shi ne yadda bayanan za su fita su isa ga jama'a, kuma a nan ne abin da masana kwamfuta ke kira API yake shigowa. Mu kira shi ƙofar manhaja.

'Yan kasuwa da ma'aikata suna amfani da ita kullum ba tare da sun san sunanta ba. Idan banki zai tabbatar da lambar NIN ta mai buɗe asusu, ba masinja yake turawa hukumar NIMC ba. Kwamfutar bankin ce take tambayar ta hukumar ta wata ƙofa da aka tsara, a ba ta amsar abin da ta tambaya kaɗai. Haka na'urar POS take magana da banki. Idan aka yi wa ma'ajiyar tarihi irin wannan ƙofa, matashi mai haɗa manhaja a Sakkwato ko Maraɗi zai iya gina manhajar waya da za ta ɗauko duk abin da ya shafi Alƙalawa, ko zamanin Bawa Jangwarzo, daga rumbuna huɗu a lokaci guda, kowane rumbu kuma yana riƙe da kayansa.

An gwada wannan a wasu wurare. Gidan tarihi na Metropolitan a New York ya saki hotuna kusan 375,000 kyauta a 2017, ya buɗe ƙofar manhaja a 2018. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne Digital Benin, wanda aka ƙaddamar a Nuwamban 2022. Ya haɗa bayanan kayan tarihin masarautar Benin 5,246 da ke cibiyoyi 131 a ƙasashe 20, ya kuma rarraba su da sunayensu na harshen Edo. Babban aikin da ya ci lokaci shi ne daidaita bayanan, domin kowace cibiya da yadda take rubuta sunan abu ɗaya.

Matsalar Gobir ke nan tun kafin a zo maganar na'ura. Sunan gari ɗaya yana da rubutun boko na Najeriya, da na Faransanci a Nijar, da na ajami, da wanda Bature ya rubuta yadda kunnensa ya jiye masa. Wani ya rubuta Alƙalawa da ƙ mai lanƙwasa, wani ya rubuta Alkalawa, kwamfuta kuwa ta ɗauke su wurare biyu. Takardun malamai da shekarar hijira suke, fayilolin gwamnati da ta miladiyya. Sarautar Sarkin Gobir ma akwai ta a Tibiri cikin Nijar, akwai ta a Sabon Birni, akwai ta a Isa. Matuƙar ba a ba kowane gari, kowane sarki da kowace takarda lamba guda da ba ta canzawa ba, tare da duk hanyoyin rubuta sunan a ƙarƙashinta, ƙofar za ta riƙa fitar da amsoshi masu ruɗarwa. Wannan aiki ne na masana tarihi da harshe a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da takwarorinsu na Nijar, ba na ɗan kwangilar kayan kwamfuta ba, kuma ya kamata ya riga sayen injin ɗaukar hoto.

Akwai kuma batun da ba a cika son taɓawa ba. Yawancin abin da aka rubuta a kan faɗuwar Alƙalawa a 1808 ya fito ne daga alƙaluman malaman jihadi, irin su Infaƙul Maisur na Muhammadu Bello. Labarin ɗaya ɓangaren ya fi rayuwa a baka, a fadar Tibiri da gidajen zuriyar sarakunan Gobir. Tsarin da ya ɗauki takarda kawai ya bar murya zai sake haifar da wannan rinjaye cikin kowace manhaja da aka gina a kansa. Dole ne muryoyin da aka naɗa su sami matsayi daidai da rubutu, tare da sunan mai magana, inda aka naɗa da ranar da aka naɗa. Waƙoƙin Ibrahim Narambaɗa, makaɗin fadar Isa, sun nuna abin da ke faruwa idan babu wannan: suna yawo a wayoyi da YouTube, sau da yawa babu shekara, babu bayanin wanda aka yi wa waƙar, balle haƙƙin magada.

Ba kuma komai ne za a buɗe ba. A yankin da ake satar mutane don kuɗin fansa, bayanin da ya nuna gidan wane ne ke da tsofaffin littattafai, ko ya jera 'ya'ya da jikokin wani basarake da garuruwan da suke zaune, taswira ce aka miƙa wa ɓarawo. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta shafi rayayyun mutanen da ke cikin salsala. Don haka ƙofar tana buƙatar matakai. Kundin sunayen takardu ya zama a buɗe ga kowa. Hotuna masu inganci su kasance ga wanda ya yi rajista ya karɓi mabuɗi. Wasu abubuwan, kamar littattafan asirin gida, su tsaya sai da izinin masu su. Rajistar za ta kuma nuna wane ne ke kwasar bayanai da yawa, a lokacin da kamfanonin ƙirƙirarriyar basira ke neman rubutun Hausa ruwa a jallo. Iyalin da ya ba da aron littafin kakansa yana da haƙƙin sanin sharuɗɗan kafin a ɗauki hoto.

Ina za a ajiye rumbun? Jingina da ƙasashen waje kaɗai yana da haɗari: harin da aka kai wa kwamfutocin Laburaren Birtaniya a Oktoban 2023 ya tsayar da ayyukansa na intanet tsawon watanni. Ajiyewa wuri ɗaya a gida, da irin wutar lantarkinmu, ya fi haɗari. Kwafi uku a Sakkwato, Kaduna da Yamai ya fi ma'ana, ko da yake rufe iyakar da ya biyo bayan juyin mulkin Yulin 2023 a Nijar ya nuna cewa yarjejeniyar ta fi dacewa a ƙulla ta tsakanin jami'o'i, ba a jira gwamnatoci ba.

Sai mutanen yankin kansu. A 2021 an katse layukan waya a Sabon Birni da Isa da wasu ƙananan hukumomin jihar saboda tsaro. Malamin makaranta a Tozai ba zai dogara da intanet ba, don haka tsarin ya ba da damar sauke bayanai gaba ɗaya a katin waya, a ƙaramin nauyi, da Hausa.

Abin da gwamnatin jihar Sakkwato za ta iya farawa da shi ba ya buƙatar biliyoyi: ta sa Hukumar Waziri Junaidu ta fitar da kundin sunayen abin da take riƙe da shi cikin tsarin da kwamfuta ke karantawa, ta kuma sanya albashin ma'aikata biyu ko uku masu kula da shi cikin kasafin kowace shekara, domin irin waɗannan shafuka sun saba mutuwa ranar da kuɗin mai ba da tallafi ya ƙare.