Jifan kare ba ibada ba ne

Ƴan uwana ɗalibai, bari in fara da tona asirin kaina kafin in taɓa na kowa. Ni ma na jefi kare. Tun ina ɗan lakwal, in mun taso da rana muka hangi kare kwance a inuwar bango, ba mai ce da wani komai, kowa ƙasa yake duba inda dutse yake. In ya sami kai a yi shewa, in ya sami ƙafa a bi shi da gudu. Ban taɓa ganin babban da ya tsawata mana ba. Wani ma cewa yake: "Ku ƙara mishi, najasa ne." Da wannan tarbiyya na tsallako Gadar Kennedy na shigo jami'a, ina ganin kaina wayayye.

Bara wani abokina ya rasa mahaifiyarsa ana tsakiyar jarrabawa. Kafin ya isa garinsu an riga an kai ta. Da ya dawo Yamai muka cika ɗakinsa a Harobanda, muka yi addu'a, kowa ya ce "sai haƙuri". Kwana uku muka yi muna zuwa. Ran na huɗu muka koma fada, ga shayi, ga karta, ga gardamar Real da Barsa. Shi kuwa ya rufe ƙofa. Ya daina zuwa amfi, ya daina wanki, abinci sai in mai gidan haya ta tura yaro da shi. Muka ce a bar shi, zai warware.

Akwai wata karya ja, ramammiya, da ke kwana bayan teburin mai shayin layinsu. Wata rana ya zuba mata sauran shinkafa da wake da ya kasa ci. Washegari da asuba ta zo tana karce ƙofarsa. Ya kore ta, ta dawo. Dole ya tashi ya buɗe, dole ya nemo mata ruwa, kuma tunda ya tashi sai ya yi alwala. Bayan mako biyu muka fara ganinsa da yamma yana tafiya bakin kogi, tana biye da shi. Ya sa mata suna Ƙyale-su.

Mu kuma me muka yi? Muka sa masa suna Anasara. Muka ce ya taɓu, a kai shi Pabiyon E. Ni da bakina na ce masa: "Kai wai mi ke damunka, ɗan musulmi da kare?" Ya dube ni ya ce: "Ku kun ce in yi haƙuri kun tashi. Ita ba ta ce komi ba, ta zauna." Har yau ban sami amsar wannan magana ba, shi ya sa nake rubutun nan.

Ranar da yaran layi suka karya mata ƙafar baya da dutse, ƙato guda ne ya durƙusa a titi yana kuka, kukan da bai yi ba ranar ta'aziyya. Manya na zaune kan benci suna dariya. To ni da masu dariyar nan nake, da masu jifa, da mu ƴan boko masu ba su hujja.

Hujja ta farko da ake jefo wa mutum ita ce addini. Ni ba malami ba ne, amma na zauna gaban malami, kuma littattafan da ake karantawa a zaurukanmu na mazhabar Imamu Malik ne. A mazhabar nan duk abu mai rai tsarkakakke ne, har da kare, har da yawunsa. Wanke ƙwarya sau 7 in kare ya yi lallage a ciki, malaman Malikiyya sun ɗauke shi umarni ne da ake bi don ibada, ba su ɗauke shi shaidar ƙazanta ba. Suratul Ma'ida, aya ta 4, ta halatta cin abin da dabbar farauta horarriya ta kamo, alhali da baki take kamowa. A Suratul Kahfi an ambaci karen samarin kogo sau 4. Ku lura da su wane ne: matasa ne irinmu, da suka gudu da imaninsu cikin tsoro, kuma kare na bakin ƙofarsu. Buhari da Muslim duka sun kawo labarin mutumin da ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa da takalminsa ya shayar da kare mai ƙishi, Allah Ya gafarta masa. Sun kuma kawo labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle har ta mutu.

Ba zan ɓoye sauran ba, don ba yaudara na zo yi ba. Akwai hadisin raguwar lada ga wanda ya ajiye kare ba don farauta ko kiwo ko gona ba, akwai kuma na mala'iku da ɗakin da kare yake ciki. Don haka ba wanda ya ce ka hau da kare kan katifa ko ka shimfiɗa masa dardumar salla. Malamai sun yi ƙiyasin gadin gida a kan gadin gona, har ana ba da labari a sharhohin Risala cewa mai littafin, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya rasu a 996, ya ajiye kare lokacin da bangon gidansa ya faɗi. Sai dai ku ɗauki fatawa mafi tsanani da kuka sani, ku nuna mini inda ta ce yaro ya fasa kan dabba don nishaɗi, babba na tafa masa. Babu. Muguntarmu ce kawai muka naɗa mata rawani.

Hujja ta biyu: wai son kare al'adar Turawa ce, kwaikwayo ne. Wanda ya faɗi haka bai san ƙasarsa ba. Ya hau mota ya nufi arewacin Tawa, wajen Abalak da Cintabaraden, ya ga yadda Buzaye da Fulani ke zaune da karen Azawak, dogon nan mai siririn ciki. Yana tsare garke da dare, yana kamo zomo da barewa, yana kwana kusa da hema, ana ba shi nono daga abin da iyali ke sha. A shekarun 1970 Turawa suka fara kwasar irinsa zuwa ƙasashensu, a 2019 babbar ƙungiyar masu kiwon karnuka ta Amurka ta shigar da shi cikin jerin nau'o'in da ta amince da su. Sunan kwarinmu yake ɗauke da shi, can ana alfahari da shi, nan muna jifan ƴan uwansa. Mafarautanmu na ƙasar Hausa kuwa, wa bai san yadda suke raɗa wa karnukansu sunayen habaici ba, suna kiransu ɗaya bayan ɗaya kamar ƴaƴa? Ibn al-Marzuban, malamin Bagadaza da ya rasu a 921, ya wallafa littafi sukutum a kan fifikon karnuka bisa da yawa daga masu sa tufafi. Hujjarsa ita ce amana.

In ana neman kwaikwayon Turawa na gaske, a leƙa wasu manyan gidaje na Filato da Kwara Kano, inda ake sayen ƙaton kare mai gashi da kuɗin da ya fi bursun ɗalibi na wata da watanni, a ɗaure shi da sarƙa cikin zafin Afrilu don baƙi su ji haushinsa su san maigida ya tara. Wannan nuna isa ne. Abokina sauran tuwo yake rabawa da karyar layi.

Abin da ya faru da shi ba tsafi ba ne, masana sun daɗe da lura da irinsa. Wani likitan halayyar yara a birnin New York, Boris Levinson, ya ga yaron da ya ƙi yi masa magana yana magana da karensa, Jingles. Ya rubuta hakan a 1962, wasu abokan aikinsa suka yi masa dariya, irin dariyar da muka yi. A 2015 masu bincike a Jami'ar Azabu ta Japan suka auna mutane da karnukansu bayan sun ɗan jima suna kallon juna, suka tarar sinadarin oksitosin ya ƙaru a jikin duka biyun, sinadarin nan da ke ƙulla uwa da jaririnta. Amma ko ba awo, hankali ya isa. Mai baƙin ciki yana bukatar dalilin tashi da safe, yana bukatar tafiya a ƙasa, yana bukatar wanda zai zauna da shi ba wa'azi ba tambaya. Kare na ba da ukun nan kyauta. Ba ya tambayar makin da ka ci, ba ya kai labarinka fada, ba ya ɗaukar hawayenka a waya ya watsa a WhatsApp.

Hujja ta uku ita ce mai nauyi, ba zan raina ta ba: ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya na ƙiyasin yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kuma kashi 40 cikin 100 yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunsa sun bayyana, kusan ba mai tsira. Amma dutse ba rigakafi ba ne. Karen da aka saba jifa shi ne mai cizo, yaron da ya saba tsokana shi ne ake cizo. Tun 1885 Louis Pasteur ya gwada allurar ciwon a jikin mutum ta yi aiki. Masana sun ce in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan gari allura, cutar na daina yawo. Wanda kare ya ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, ya tafi likita a ranar, kada ya tsaya jiƙe-jiƙe. Wannan ya kamata mu koya wa ƙannenmu, mu da muka yi karatu.

Wani zai ce mutane na kwana da yunwa, ga ambaliya ta rushe gidaje, ana ta kare? Ni dai ban taɓa ganin wanda ya jefi kare ya juya ya kai wa maraya tuwo ba. Hannun da ya saba da dutse tun yana ƙarami ba ya koyon tausayi da girma. Haka muke jifan mahaukaci a kasuwa, haka muke yi wa ɓarawon da aka kama taron dangi.

Kada a fahimce ni a karkace: kare ba likita ba ne. Wanda damuwa ta hana shi barci da ci na makonni, ko ya fara zancen gajiya da rayuwa, a raka shi asibiti, kuma mu daina mai da sunan sashen masu taɓin hankali abin zagi. Nawa ne cikinmu suka koma shan tramol don ba su da wanda za su gaya wa? Muna cewa abokin kuka ba a ɓoye masa mutuwa, amma namiji a garin nan ba shi da abokin kuka, sai abokin shayi. Wurin da muka bari ne karyar nan ta cike, kunyar kuwa tamu ce.

Ƙyale-su ta warke, tana ɗingishi. Mun haɗa kuɗi a fada an kai ta wajen likitan dabbobi an yi mata allura. Abokina ya maimaita shekara, yana nan yana karatu.

Abin da nake roƙo kaɗan ne. In ka ga yaro ya ɗauki dutse, riƙe masa hannu, ko ba ƙaninka ba ne. In zafi ya tsananta, aje tsohon gwangwani da ruwa a ƙofar gida. In kana da kare, yi masa allura. In abokinka ya yi rashi, koma ran na huɗu, da na goma, da na arba'in, ka zauna ko ba ka da abin cewa. Kullum muna cika baki a taro cewa mu ne matasa masu tausayin talaka. An ce da kare ana biki a gidansu, ya ce mu gani a ƙasa.