SHARHI: Tamale ke renon 'yan ƙwallon mata, wasu garuruwan ke ɗaga kofi

Wata ranar Alhamis bayan an tashi daga makaranta, wani dattijo ya tsaya jirana a bakin ƙofar makarantar da nake koyarwa a nan Kaladan. Mahaifin wata ɗalibata ne, 'yar aji uku a ƙaramar sakandare, yarinyar da in ƙwallo ta zo ƙafarta ko maza sai sun yi da gaske kafin su ƙwace. Ashe wani mai horar da 'yan wasa ne ya je har gida yana roƙon a ba shi ita. Bayan mun gaisa sai ya ce, "Malama, ke kika yi boko, kuma ke kika san yarinyar nan. In na bar ta ta bi ƙwallo, me za ta ci? Wa kuma zai riƙe min amanarta a hanya?" Na ce, "Baba, ka ba ni kwana biyu." Maganar gaskiya, a lokacin ba ni da amsa. Neman amsar ne ya sa na zauna na dubi gasar ƙwallon ƙafa ta mata ta Ghana da idon basira.

An fara wannan gasa ta ƙasa a 2012, aka raba ƙungiyoyi shiyya biyu, ta kudu da ta arewa. Kowace shiyya na buga nata wasannin gida da waje, sannan zakarun biyu su haɗu a wasan ƙarshe. Hasaacas Ladies ta Sekondi-Takoradi ce ta lashe kofuna uku na farko a jere. Daga nan Ampem Darkoa Ladies ta Techiman ta karɓa a 2016 da 2017. Hasaacas ta dawo a 2021, Ampem Darkoa ta sake ɗauka a 2022 da 2023, Hasaacas ta kuma a 2024. Sai a 2025 Police Ladies ta raba gardama, ta doke Ampem Darkoa a wasan ƙarshe. Ka ga ke nan, fiye da shekara goma kofin yana kai da komo ne tsakanin gida biyu.

To ina Tamale? Muna da Northern Ladies, muna da Pearl Pia Ladies, ga Tamale Super Ladies, kuma tsofaffin 'yan kallo ba su manta da Lepo Ladies ba. Amma daga 2012 zuwa 2025 babu ɗayansu da ta kawo kofin garin nan. Shiyyar da ake kira ta arewa ma, in ka duba, mai sarautarta a Techiman take, garin da ke nesa da mu da sama da kilomita 250 ta kudu.

Kada wani ya ce ƙafa ce babu. A gasar cin kofin duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 da aka yi a Uruguay a ƙarshen 2018, wadda ta fi kowa zura ƙwallo 'yar Tamale ce, Mukarama Abdulai ta Northern Ladies. Ƙwallo bakwai ta ci, uku daga ciki a ragar masu masaukin baƙi, ta dawo da kyautar takalmin zinare. Ita ce kuma ta ci wa Ghana ƙwallon nasara a kan Najeriya a wasan ƙarshe na gasar wasannin Afirka a Cape Coast cikin Maris na 2024. Amma bayan ta bar Northern Ladies, ta yi wasa a Alavés ta Sifaniya, da ta dawo gida Hasaacas ta nufa. Ban ga laifinta ba ko kaɗan. Kowa inda zai samu yake zuwa. Abin dai ya zame mana kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

Ruwa ba ya tsami banza. Dalili na farko hanya ce. Ƙungiyoyin shiyyarmu da ke Kumasi da Techiman da Sunyani kusa suke da juna, tafiyar awa ɗaya zuwa uku. Daga Tamale zuwa Kumasi kuwa kusan kilomita 380 ne. In ban da wasannin da ƙungiyoyin garin nan ke yi a tsakaninsu, duk wasan waje yana nufin hayar mota, kuɗin mai, abinci, da kwana a wani gari ko kuma tafiyar dare. Mai ƙungiyar da ke ciro kuɗin nan daga aljihunsa, me zai rage masa da zai ba 'yan wasa a ƙarshen wata? Kamfanin Malta Guinness ya shigo ɗaukar nauyin gasar a 2022, kuma an ji sauƙi, sai dai tallafi bai rage tsawon hanya ba.

Na biyu, abokan karawarmu suna da abin da ba mu da shi. Police Ladies, Prisons Ladies da Army Ladies na hukumomin gwamnati ne, yarinya na iya shiga da fatan wata rana ta samu kaki da albashi, ko da ƙafa ta gaji. Hasaacas kuwa ta kai wasan ƙarshe na gasar zakarun Afirka ta mata karo na farko a Alƙahira a Nuwamban 2021, inda Mamelodi Sundowns ta Afirka ta Kudu ta doke ta da ci 2 da nema. Ampem Darkoa ta kai wasan kusa da na ƙarshe a 2023. Yarinyar da ke son masu neman 'yan wasa daga Turai ko Maroko su gan ta ta san rigar da za ta sa. Mai kofi yana jawo gwanaye, gwanaye suna ƙara masa kofi.

Na uku shi ne wanda ba a cika magana a kai ba. A ƙwallon maza, in yaro ya sa hannu a kwantiraginsa na farko ko ya koma wata ƙasa yana matashi, dokar FIFA ta tanadi kuɗin reno ga ƙungiyoyin da suka horar da shi tun yana ƙarami. Shekara da shekaru wannan doka ta fito fili ta ce tanadin bai shafi ƙwallon mata ba. Wato ƙungiyar da ta ɗauki yarinya tana da shekara 12, ta saya mata takalmi, ta kai ta asibiti ranar da ta gurɗe, tana iya wayar gari yarinyar ta tafi ba a ba ta ko sisi ba. Garin da aikinsa reno ne, irin namu, shi wannan giɓi ya fi cuta.

Ga kuma rashin sa'a. Lokacin da Mukarama ta dawo daga Uruguay, ƙwallon Ghana na cikin ruɗani, domin binciken Anas Aremeyaw Anas na watan Yunin 2018 ya sa an dakatar da gasanni, an rushe shugabancin hukumar ƙwallo. Da aka farfaɗo, annobar korona ta sa aka soke kakar 2019/20. Daidai lokacin da sunan Tamale ke tashe, da za a iya zuwa wajen 'yan kasuwa a ce ga abin da muka haifa ku sa hannu, babu cikakkiyar gasa da za a nuna musu.

Amma ni malamar makaranta ce, kuma inda nake ganin asarar da idona ba filin wasa ba ne. Tsakanin jarrabawar BECE da shekara 18 ne muke rasa yaran. Tun da aka fara karatun babbar sakandare kyauta a 2017, yarinya na iya samun gurbi a makarantar kwana a wani gari, ta rabu da ƙungiyarta. Wadda ta zauna a gida kuma, ga aikin gida, ga kasuwa, ga maganar aure ta fara tasowa. Ana yawan cewa iyayenmu ne ba su waye ba, ko addini ne ya hana. Wannan magana ta yi arha. Tun 2014 masu tsara dokokin ƙwallo suka halatta wasa da lulluɓi, kuma a 2023 duniya ta ga Nouhaila Benzina ta Maroko da hijabinta a gasar cin kofin duniya. Dattijon da ya zo wajena bai ce min haram ba. Tambaya biyu ya yi, abinci da amana, kuma duk uban kirki su zai yi. Ƙungiyar da ta iya amsa su ita ke samun yarinya. Yawancin lokaci ba mu da amsar, shi ya sa muke rasa wasu tun kafin wata ƙungiyar kudu ta ji labarinsu.

Saboda haka gyaran da nake gani ba sai an jira Accra ba. Da farko, kowace ƙungiya a garin nan ta sami mace babba, mai mutunci a unguwa, da za ta riƙa bin yaran duk inda suka je, wadda uwa za ta iya kira a waya da tsakar dare. Sannan a daina ɗaukar yarinya da fatar baki. A rubuta takarda, uba ko uwa su sa hannu, a faɗi wanda zai biya magani in an ji rauni, da abin da za a yi in lokacin jarrabawa ya ci karo da wasa. Ƙungiyoyi kuma su ƙulla da manyan sakandaren da ke cikin Tamale, don yarinya ta zaɓi makarantar da ba za ta raba ta da atisaye ba. Mu malamai muna taimaka wa ɗalibai wajen cike zaɓin makarantu duk shekara, amma ban taɓa ganin mai horarwa ya zo ya zauna da mu kan wannan ba.

Akwai kuma batun 'yan kallo. Filin wasa na Aliu Mahama, wanda aka gina don gasar cin kofin Afirka ta 2008, yana ɗaukar kusan mutum 20,000, in mutane ƙalilan suka shiga sai ka ga kamar ba kowa. Filin Kaladan kuwa a tsakiyar jama'a yake. Nan Real Tamale United ta yi zamaninta, ƙungiyar da Abedi Pele ya buga wa a farkon shekarun 1980, kuma iyayenmu har yau suna ba da labarin yadda gari ke tsayawa cik ranar wasa. Ko wasannin sada zumunta da na makarantu aka riƙa kawowa irin waɗannan filaye na unguwa bayan la'asar, uwa mai sayar da koko ko waake za ta ga 'yarta da idonta, ɗan kasuwa ya ga inda zai manna sunan shagonsa. Abin da ido bai gani ba, hannu ba ya shiga aljihu dominsa.

Ita ma hukumar ƙwallo ta ƙasa da nata. In za a raba tallafi, a duba tsawon hanyar kowa, kada a yi rabon daidai tsakanin mai tafiyar awa ɗaya da mai tafiyar yini. Kuma babu abin da ya hana ta kafa nata tsarin kuɗin reno a cikin gida. Black Queens sun dawo da tagulla daga Maroko a Yulin 2025, kowa ya yi murna. To waɗanda za su gaje su yanzu suna aji biyu da aji uku a makarantu irin tawa.

Da kwana biyun suka cika na je gidan dattijon bayan magariba. Na ce, "Baba, ban zo in ce ka bar ta ba, ban kuma zo in ce ka hana ba. Ka kira mutumin nan, ka ce ya zo da takarda, ya zo da matar da za ta riƙa tafiya da su, kuma ba maganar tafiya ko'ina sai ta gama jarrabawa." Ya yi shiru, can ya ce, "To Malama, ranar da zai zo ke ma ki zo, ki karanta min takardar." Na ce in sha Allahu.

Yau sati uku ke nan. Yarinyar tana zuwa makaranta, tana buga ƙwallonta lokacin tara. Mai horarwar ya aiko cewa yana nan tafe, takardar ce bai gama haɗawa ba.