ZAMAN GIDA: Sojan Ruwa da Baƙuwar da Ya Aura

Masu karatu, a wannan wata zan ɗauke ku zuwa Amurka, mu tuna da wani tsohon sojan ruwa da matarsa, waɗanda suka yi shekara 65 tare. Sunansa Kirk Douglas, nata kuwa Anne. Waɗanda suka saba da majigi sun san fuskarsa, gama shi ne ya fito a Spartacus na 1960. Amma zaman gidansu ne ya dame ni, shi zan faɗa.

An haife shi a 1916 a jihar New York. Iyayensa Yahudawa ne da suka yi ƙaura daga ƙasar Rasha ta wancan zamani, ubansa yana yawo da keken doki yana sayen tsummoki, yaron kuma shi kaɗai ne namiji cikin 'yan'uwa mata shida. Da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu a 1941, sai ya shiga sojan ruwa. Aka sa shi hafsan sadarwa a wani ƙaramin jirgi mai farautar jiragen ƙarƙashin teku. Ba abokan gaba ne suka ji masa ciwo ba. Wata nakiya ce ta jirginsu ta fashe kafin lokacinta, aka sallame shi a 1944.

Ita kuwa a Hanoba ta ƙasar Jamus aka haife ta a 1919. Ta bar Jamus a zamanin Hitila, ta zauna a Beljiyam, daga nan ta tafi Faris, inda ta ci abinci da harsunan da ta iya, tana fassara maganganun majigi. Wato sa'ad da shi yake kan teku da kayan soja, ita tana zaune a birnin da sojojin ƙasar haihuwarta suka mamaye.

A Faris suka gamu a 1953. Ya gayyace ta cin abinci a wani babban wuri, ta ce a'a, za ta koma gida ta soya ƙwai. Mutumin da mata ke rububinsa bai saba jin haka ba. Ta bi shi Amurka, ranar 29 ga Mayu 1954 aka ɗaura musu aure, a 1959 kuma ta zama 'yar ƙasa.

Kada mu yi masa ado da yawa. Ya taɓa aure ya rabu, da 'ya'ya biyu maza, kuma da bakinsa ya yarda bai riƙe amanar Anne yadda ya kamata ba. Ta sani, ta zauna. Ni dai ba zan ce wa kowace mace ta ɗauki wannan abin koyi ba, ba kuwa zan wanke shi ba don ya yi suna. Amma ku tuna da halin da take ciki. Macen da aka kai ƙasar da ba uwa ba uba, in aka ɓata mata rai, gidan wa za ta yi yaji? Duk wadda aka taɓa kaiwa aure nesa ta san nauyin wannan tambaya.

Duk da haka ba ta zama 'yar amshin shata ba. A watan Maris 1958 wani abokinsu, Mike Todd, ya gayyaci Kirk su tafi New York cikin ƙaramin jirgin samansa. Anne tana da ciki a lokacin. Ta ce hankalinta bai kwanta ba, kada ya shiga. Ba ta da wata hujja da za ta nuna. Suka yi cacar baki ƙwarai, ya fasa tafiyar cikin fushi. Kashegari suna cikin mota, ba mai ce wa wani uffan, sai ya buɗe rediyo don ya kori shirun. Nan suka ji jirgin ya faɗi a jihar New Mexico, mutum huɗun da ke ciki duka sun mutu. Har tsufansa yana faɗa wa mutane ita ce ta ceci ransa. Na sha tunani a kan wannan dare. Da ta ji tsoron fushinsa ta yi shiru, kamar yadda baƙuwa takan yi a gidan da take ganin ba ta da gata, da ɗan da ke cikinta bai san ubansa ba.

Wahala ba ta ƙare a nan ba. Ita ta yi fama da ciwon daji na nono ta warke. Shi ya tsira daga haɗarin jirgi mai saukar ungulu a 1991, inda mutum biyu suka mutu, a 1996 kuma shanyewar jiki ta kama harshensa. Mutumin da magana ce sana'arsa ya koma koyon furta kalmomi kamar yaro, ita kuwa ba ta bar shi ya kwanta yana jin tausayin kansa ba. Mafi zafi duka, a 2004 ɗansu Eric, wanda take ɗauke da cikinsa a wancan dare, ya mutu bayan ya daɗe yana fama da shan ƙwayoyi. A shekarar ce kuma suka cika 50 da aure, ta shiga addinin Yahudanci na mijinta.

Dukiyarsu fa? Anne ta ga yadda filayen wasa na makarantun Los Angeles suka lalace, sai ta tashi tsaye, suka gyara fiye da 400. In an zo buɗe sabon fili, tsohon nan yakan hau abin zamewa na yara ya sulalo, yara suna ta dariya. Ta kuma kafa wurin kula da matan da ba su da matsuguni a wata mishan ta Kirista a birnin, wurin yana ɗauke da sunanta. Mai yiwuwa wadda ta taɓa barin gida ta fi saurin gane irin waɗannan mata.

Kirk ya rasu ranar 5 ga Fabrairu 2020 yana da shekara 103. Anne ta ƙara wata 14 a bayansa, ta rasu ranar 29 ga Afrilu 2021 a gidansu, kwana shida bayan ta cika 102.