Ina iyalan Kano za su kai yaransu shan iska?

A watan Disamban 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun gado na duniya. Watanni kaɗan bayan haka aka yi ƙaramar Sallar 2025 ba tare da hawan ba, kamar yadda aka yi a babbar Sallar 2024, domin 'yan sanda sun hana saboda rikicin sarauta tsakanin Muhammadu Sanusi II da Aminu Ado Bayero. An tafka muhawara kan siyasar lamarin, amma ba a cika waiwayar asarar da magidanta suka yi ba.

Hawan Daushe da na Nasarawa su ne fita mafi girma da iyalin talaka ke yi a shekara ba tare da sayen tikiti ba. Gida guda kan fito kwansu da kwarkwatarsu: kaka da jikoki, goggo da ta zo daga ƙauye, kawu ya saɓa ƙaramin yaro a wuya don ya hango dawaki. A nan 'ya'yan wa da na ƙani ke sabawa da juna. Da aka rufe wannan ƙofa, abin da ya rage galibi na kuɗi ne.

Wuraren da ake biya kuwa, kai suke ƙirgawa. Gidan zu na Audu Baƙo da wuraren wasan yara na manyan kantuna ba su fi ƙarfin mai 'ya'ya biyu ba. Mai fita da mutum goma sha biyar lissafinsa daban ne: kuɗin shiga, na lilo, na abin sha, ga Adaidaita Sahu uku zuwa da dawowa. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. Ma'aikacin da albashinsa ke ƙarewa kafin tsakiyar wata ba zai fasa fitar da yaransa gaba ɗaya ba. Rage yawan masu tafiya zai yi. Waɗanda ake fara sokewa su ne 'ya'yan ɗan'uwa da marayun da ake riƙo. Tsadar fita, a taƙaice, zumunci take ci.

Tushen matsalar dai fili ne. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen birane a hannun gwamna, kuma a birnin kasuwanci irin Kano, duk filin da ba gini a kansa ana yi masa kallon rumfunan da ba a yanka ba tukuna. A 2020 gwamnatin Abdullahi Ganduje ta sanar da shirin mayar da gidan zu Tiga, tafiyar da sai mai mota. Jama'a suka yi ca, kuma gidan yana nan inda yake. Filin Idi na Ƙofar Mata bai tsira haka ba. An gina shaguna a jikinsa, gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta rushe su a watan Yunin 2023, sannan babbar kotun tarayya ta umarci jihar ta biya masu shagunan diyyar naira biliyan 30. Ya kamata 'yan kasuwa su dubi wannan da kyau: filin jama'a da wata gwamnati ta sayar, wata na iya ƙwacewa, kuma mai shago ne ke kwana da asarar kafin kotu ta ce uffan.

A sababbin unguwanni na awon igiya abin ya fi muni, domin mai gona kan yanka kowane taƙi ya sayar. Ba dandali, ba filin ƙwallo, wani lokacin ko hanyar da mota za ta juya babu. Yaran da iyayensu suka tashi suna langa da 'yar gala-gala a ƙofar gida yanzu zaɓinsu biyu ne: bakin kwata ko wayar uwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar yaro ɗan shekara uku zuwa huɗu ya samu aƙalla minti 180 na motsa jiki kullum, kuma kallon allo kada ya wuce sa'a guda. Wanda ke haya a ɗaki biyu ya san wanne ya fi sauƙin cikawa.

Abuja ma ba ta tsira daga cinye wuraren shaƙatawa ba, amma Millennium Park, wanda Sarauniya Elizabeth ta buɗe a 2003, yana nan iyalai na shimfiɗa tabarma a cikinsa, saboda tun a taswira aka ware shi. Majalisar dokokin Kano na da ikon yin doka da za ta lissafa filayen Idi, na makarantu da gidan zu da sunayensu, ta haramta sauya amfaninsu sai da amincewarta. Hukumar KNUPDA kuma na iya ƙin amincewa da duk sabon rukunin filaye da bai bar wa yara wuri ba. Filayen makarantun firamare na gwamnati, waɗanda ke kulle tun daga azahar, ana iya buɗe su da yamma ƙarƙashin kulawar mai unguwa, kuma wannan ba ya buƙatar kwangila ko ta sisi.