Kafin mu sake dashen 3 ga Agusta, mu tambayi itacen halinsa

Duk dattijon da ka zauna da shi a arewacin Maraɗi ko wajajen Tanut zai lissafa maka itatuwan da ya tashi ya tarar, waɗanda yau sai an nausa kudu ake ganinsu: ɗorawa, ƙirya, marke, tsamiya. Itace ba ya da ƙafa, amma iyakarsa tana matsawa. Manya su bushe a shekarar fari irin ta 1973 ko 1984, ƙanana su kasa tasowa a gurbinsu, shi ke nan. Wani mai bincike, Patrick Gonzalez, ya auna haka a arewa maso yammacin Sanagal, ya gano cewa tsakanin 1945 da 1993 iyakar itatuwan da ke son laima ta ja baya da kilomita 25 zuwa 30.

Abin da nake so mu gane shi ne, wannan ja da baya ba ya zuwa da ka. Ana iya karanta shi a jikin itacen tun kafin ya faru. Aduwa da kandili ganyensu ƙanana ne, ruwan da suke fitarwa kaɗan ne. Kuka tana tara ruwa a gangar jikinta. Gawo saiwarsa ke nutsawa ta bi ruwan ƙarƙashin ƙasa, shi ya sa yake kore da rani ya kaɗe da damina, amma kuma ranar da ruwan rijiyoyi ya yi ƙasa sosai, shi ma yana cikin matsala. A cikin kowane itace akwai siraran jijiyoyi masu kai ruwa daga saiwa zuwa ganye. Idan ƙasa ta bushe ƙwarai, iska takan shiga ta toshe su, reshe ya mutu daga sama. Wasu itatuwan sun fi wasu jure wannan.

Sai batun iri, wanda ake yawan mantawa da shi. Awaki da shanu su ci ƴaƴan gawo su kai ƙwayar nesa cikin kashinsu, ta jira damina. Ƙwayar kaɗanya kuwa da ta bushe ta mutu, kuma itacen yakan kai shekara 15 ko fiye kafin ya fara haihuwa. Kaɗanyar da ta ɓace a wani gari da wuya ta komo da kanta.

Muna alfahari, kuma da hujja, da sassaben zamani da ya faro daga Maraɗi a shekarun 1980 ya farfaɗo da kusan hekta miliyan 5. Amma ka duba gonakin da kyau. Sabara ce, kalgo, gawo, aduwa, wato masu tohowa daga kututture da masu haƙurin ƙishirwa. Kore ya dawo, miyar daddawa ba ta dawo ba.

Na san ba kome ne halin itace ke bayyanawa ba. Ƙirya tana da ƙarfi da tauri, kuma taurin nan ne ya ja mata gatarin masu sassaƙa turmi da masu gawayin maƙera. Wannan ba laifin fari ba ne.

Duk da haka ban ga dalilin da zai sa a riƙa raba dashe iri ɗaya daga Gaya har Dakoro ba, alhali ruwan da ke sauka a Gaya ya ninka na Dakoro. Ma'aikatan gandun daji sun san saiwa da ganyen kowane itace, manoma sun san wanda ya tsira a 1984. A haɗa sanin nan biyu a fitar wa kowace karamar hukuma jerin itatuwan da za su iya kai shekara 40 a ƙasarta. Kuma masu ƙidaya su daina tsayawa ga manyan itatuwa. A gonar da ɗorawa uku ke tsaye babu ko ƙaramar guda a ƙarƙashinsu, ɗorawa ta riga ta bar garin.